JIRGIN CIYAWA DA KASUWAR GUMEL: TARIHIN FITO TSAKANIN TSIBIRAN TAFKIN CADI

Gabatarwa

Duk wanda ya san ƙasar Gumel ya san ba ƙasar ruwa ba ce. Daga Gagarawa zuwa Maigatari, daga Sule Tankarkar zuwa cikin garin Gumel, babu wani kogi da ake shiga jirgi a haye shi. Abin da muka sani shi ne jigawa da rijiya mai zurfi da tafkin damina wanda yake ƙafewa kafin bazara. Saboda haka mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa mutanen Lautai da zancen jirgi da tsibiri? Amsa ita ce kanwa. Wani kaso na arzikin kasuwar Gumel a ƙarni na 19 sai da ya hau jirgi, ya ratsa tsakanin tsibiran Tafkin Cadi, kafin a ɗora shi a bayan takarkari. Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda tafkin yake, da mutanen da suka riƙe hanyoyinsa, da yadda suke shirya tafiya daga tsibiri zuwa tsibiri, sa'an nan a ga abin da ya sami wannan sana'a daga zuwan Turawa zuwa yau.

Yadda Tafkin Yake

Tafkin Cadi yana tsakanin ƙasashe huɗu, watau Nijeriya da Nijar da Cadi da Kamaru. Yana da faɗi ƙwarai, amma ba shi da zurfi, domin a wurare da yawa doguwar sanda takan taɓo ƙasa. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwansa daga kudu yake zuwa, ta kogin Shari da na Logon. Mu ma muna da ɗan hannu a ciki, don kuwa kogin Kano da na Calawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗejiya, shi kuma ya haɗu da na Jama'are su zama kogin Yobe, wanda yake faɗawa tafkin ta wajen Boso.

Shiga jirgi a wannan yanki daɗaɗɗen abu ne. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale a binne. Masana daga jami'o'in Maiduguri da Furankfut suka tono shi a 1994. Tsawonsa ya ɗara mita 8, an kuwa kimanta shekarunsa wajen 8,000. Ba a taɓa samun jirgin da ya kai shi tsufa a Afirka ba. A wancan zamani tafkin ya ninka na yanzu sau da yawa.

Tsibiran kuwa iri biyu ne. Na farko tsofaffin jigayin rairayi ne na ƙasar Kanem, waɗanda ruwa ya zo ya cika kwarin da ke tsakaninsu, ya bar kawunansu a waje. Suna nan ɗaruruwa a gabas da arewa maso gabashin tafkin, dogaye, a jere, duk sun fuskanci gefe guda kamar kunyoyin gona. Na biyu kuma ba ƙasa ba ne sam. Ciyayin ruwa ne suke sarƙewa da saiwoyinsu har su yi kauri, mutum ya iya tsayawa a kai, iska kuma tana tura su duk inda ta ga dama. Su ake kira kirta. Wanda bai fahimci bambancin waɗannan biyu ba, ba zai gane wahalar tafiya a tafkin ba.

Buduma da Jiragensu

Mazauna tsibiran nan su ne Buduma. Barebari ne suka sa musu wannan suna, ma'anarsa kuwa mutanen ciyawa, amma su da kansu Yedina suke kiran kansu. Akwai abin lura a nan ga ɗalibin Hausa. Harshen Yedina ɗan gidan harsunan Cadi ne, gidan da Hausa ta fito, wanda kuma daga sunan wannan tafki aka raɗa masa suna. A rabon da Paul Newman ya yi a 1977, Hausa tana reshen yamma, Yedina kuma tana reshen Biu-Mandara tare da harsunan Kotoko. Barbarci kuwa ba ya cikin wannan gida ko kaɗan. Ashe ke nan Buduma, waɗanda ba mu cika jin labarinsu ba, sun fi kusa da mu a harshe bisa ga Barebarin da muka yi ƙarnuka muna cuɗanya da su.

Sana'arsu kiwo da su da fito. Shanunsu su ne Kuri, farare masu kumburarrun ƙahoni, waɗanda suke iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan neman ciyawa. Makiyayi yakan bi su a kan guntun wani itace da ke tsirowa cikin ruwan, wanda ba shi da nauyi ko kaɗan. Sai ya kwanta a kansa rub da ciki, ya ɗaure tufafinsa a ka, ya riƙa tura ruwa da hannu da ƙafa. Wannan shi ne mafi ƙanƙantar abin hawa a tafkin.

Game da jirage kuwa, Barth, Bajamushen nan da aka sani a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya ga nasu a gaɓar yamma a 1851. Ya bayyana su da cewa na katako ne siri-siri, an ɗinke su da igiyar kaba, an toshe kafofin da ɓawon itace. Amma jirgin da ya fi shahara da sunan Buduma shi ne kadai, wanda ake yi da doguwar ciyawar nan ta ruwa da Misirawan da suke yin takarda da ita. Akan yanko ta, a shanya, a ɗaɗɗaure dami-dami, a tanƙwara goshin ya yi sama, a bar bayan a datse. Kadai ba ya buƙatar ƙusa ko kafinta, ba ya kuma nutsa cikin ruwa sosai, don haka yana wucewa inda jirgin katako mai kaya zai kafe. Aibinsa guda ne: ciyawar tana shan ruwa a hankali, bayan 'yan watanni sai ta yi nauyi, a jefar a ɗaura wani.

Wannan gwaninta ita ta sa Buduma suka zauna da 'yancinsu. Shehu Laminu ya kafa Kukawa a 1814 kusa da tafkin, amma dawakin Barno ba su shiga ruwa. Buduma sukan fito da dare su kai hari ƙauyukan gaɓa, su kwashi shanu da mutane, gari na wayewa sun ɓace cikin ciyayi. A lokaci guda kuma suna ciniki da wasu garuruwan gaɓar, waɗanda suke da amana da su.

Shirin Tafiyar Yini Guda

Tsallake tafkin da kaya ba aikin yini guda ba ne. Zango-zango ake yi kamar yadda fatake suke yi a tudu, sai dai a nan kowane zango tsibiri ne. Don haka ilmin matuƙi duka ya taru ne a kan tambaya guda: daga inda na kwana, wane tsibiri zan iya kaiwa kafin rana ta faɗi? Abubuwa huɗu yake aunawa.

Na farko, lokacin shekara. Abin mamaki, tafkin ba da damina yake cika ba. Ruwan da aka yi a kudu sai ya ɗauki watanni yana gangarowa ta Shari, saboda haka tafkin yakan kai iyakar cikarsa ne wajen Disamba zuwa Janairu, tsakiyar hunturu, ya kuma kai iyakar raguwarsa wajen Yuni zuwa Yuli, lokacin da mu muke shuka. Mashigin da aka bi cikin sauƙi da sanyi, in aka dawo masa da bazara sai a tarar da taɓo.

Na biyu, iska. Da hunturu daga arewa maso gabas take busowa, da damina kuma ta juya ta fito daga kudu maso yamma. A fili, inda babu tsibiri, ruwa marar zurfi yana saurin tashi, jirgin da ake turawa da sanda kuwa ba shi da ƙarfin faɗa da igiyar ruwa. Saboda haka matuƙi ya fi son ya bi ta bayan tsibirai su kare shi, ko da hanyar ta fi nisa.

Na uku, hanya. A nan kirta take shigowa. Iskar dare ɗaya tana iya turo tsibirin ciyawa ya toshe mashigin da aka wuce jiya, ko ta buɗe wani inda babu shi. Ga shi kuma ciyayin sun fi mutum tsawo, wanda ke cikin jirgi ba ya hango komai sai sama. Taswira ba ta da amfani sosai a irin wannan wuri. Labari shi ne jari, don haka duk jirgin da aka gamu da shi sai an tsaya an gaisa an tambayi hanya.

Na huɗu, masauki. Sauron Cadi ya yi suna a littattafan duk matafiyan da suka je can, kuma da faɗuwar rana yake fitowa. Ga dorina a cikin mashigai. Bugu da ƙari, Buduma ƙabilu ne daban-daban, kowace da tsibiranta, wani lokaci kuma da gaba a tsakaninsu. Tsibirin da za a kwana dole ya kasance na dangi ko na abokan amana. Tsibiri yana iya kasancewa kusa, amma in ba naka ba ne, sai ka wuce shi.

Daga Jirgi Zuwa Kasuwar Gumel

Kanwar da ake kira ungurnu a kwaruruwan Kanem ake haƙo ta, gabas da tafkin. Masu buƙatarta kuwa suna yamma: makiyaya don dabbobi, marina, masu taba, masu magani, da matan da ke girki. Zagaya tafkin ta tudu yana da nisa, ga kuma 'yan hari. Sai Buduma suka zama su ne gada. Suna ɗauko ta falle-falle a jiragensu, su sauke a gaɓar Barno, daga nan 'yan kasuwa su ɗora wa dabbobi. Sunan ungurnu ma daga Ngurno ya samo asali, wani babban garin kasuwa kudu da Kukawa.

Gumel kuwa tana bakin iyaka. Gidan sarautarta na Mangawa ne, tun kafuwarta wajen 1750 tana bin Barno, jihadi bai ci ta ba, ga ta kuma dab da ƙasar Kano. Barth ya sauka a Gumel cikin Maris 1851, a ƙarshen zamanin Mai Ɗan Tanoma, a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya rubuta cewa Gumel ce babbar kasuwar kanwa tsakanin Kukawa da Muniyo a gefe guda da ƙasar Nufe a ɗaya gefen, kuma Barebari ba kasafai suke wuce Gumel da kayansu ba, a nan suke sayar wa wasu su ci gaba da shi. Ya ƙiyasta kayan kanwar da ya gani a kasuwar bai gaza 1,000 ba. Kayan takarkari na mai kyau wuri 5,000, kayan jaki na ƙarama kuma wuri 500. A Kano kuwa ya ƙiyasta kaya 20,000 suke ratsawa a shekara. Ba dukanta ce ta haye tafki ba, domin Muniyo da ƙasar Manga suna fitar da tasu kanwar da gishirin mangul. Amma ungurnu ta ruwa take zuwa. Ke nan dillalin Gumel da bai taɓa ganin jirgi ba, cinikinsa yana rataye da ko iska ta toshe wani mashigi a tafki ko ba ta toshe ba.

Turawa da Jiragensu

Denham da Clapperton da Oudney sun iso gaɓar tafkin a Fabrairu 1823, amma ba su shiga tsibiran ba. Ayarin da gwamnatin Ingila ta turo a 1850, na Richardson da Barth da Overweg, shi ya zo da shiri. An ƙera musu jirgi a Malta, aka raba shi gida huɗu, raƙuma suka ɗauko shi daga Tarabulus suka ratsa Sahara da shi. Richardson ya rasu a hanya a Maris 1851. Aka harhaɗa jirgin a gaɓar tafki, Overweg ya shiga daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta 1851, ya zama Bature na farko da ya zagaya tsibiran Buduma. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari. Overweg bai shiga shi kaɗai ba, mutanen gaɓa masu amana da Buduma ne suka yi masa jagora, 'yan tsibiran kuma suka karɓe shi hannu biyu. Zazzaɓi ya kashe shi a Maduwari cikin Satumba 1852, yana da shekara 30.

Bayan shekara hamsin da 'yan kai sai ga Boyd Alexander, sojan Ingila, da jiragensa biyu na ƙarfe. Ya iso a 1904, ya tarar ruwa ya ja baya ƙwarai. Ya yi watanni yana neman hanyar da za ta kai shi bakin Shari, mutanensa suna saran ciyawa suna jan jirage cikin taɓo, kafin ya samu ya fita a 1905. Jirgin ƙarfe bai ba shi abin da jirgin ciyawa yake ba Buduma ba.

Shi kuwa Tilho, Bafaranshe, aikin iyaka ya kawo shi. Shi da O'Shee na Ingila suka kafa alamun iyaka 148 daga kogin Kwara zuwa tafkin tsakanin 1906 da 1908. Wannan layi ne ya ratsa ta arewacin Maigatari ya raba 'yan'uwa, wasu a Nijeriya wasu a Nijar. Tilho ne kuma ya kasa yanayin tafkin gida uku, watau ƙarami da matsakaici da babba, saboda ya ga yana sauyawa daga wannan zuwa wancan.

Gwanintar Buduma ta kai har teku. A 1969 Thor Heyerdahl, mutumin Norwe, ya ɗauko maɗaura jirgi daga Bol, a gaɓar Cadi, ya kai su Masar suka ɗaura masa jirgin ciyawa mai suna Ra. Ya tashi daga Safi ta Maroko, ya yi wajen kilomita 5,000 a tekun Atilantika kafin jirgin ya lalace.

Shigowar Hausawa

Zaman lafiyar da ya biyo bayan faɗuwar Rabe a 1900 ya kawo ƙarshen hare-hare, Buduma kuma suka shiga Musulunci sosai. Hanyar kanwa ita ma ta sake. Jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya bi ta Gagarawa, daga baya kuma motoci suka karɓe aikin takarkari. Matsayin da Gumel take da shi na mahaɗa sai ya ragu, ko da yake kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta riƙe sunan yankin a cinikin dabbobi.

A cikin tafkin kuwa kifi ne ya zama sarki. Daga wajen 1960 ragar nailan ta yawaita, jiragen katako masu inji suka shigo, hanyar mota ta haɗa Baga da Maiduguri. Masunta Hausawa, musamman daga ƙasar Kabi da Sakkwato da Haɗejiya, suka yi ta kwarara. Banda ta riƙa fita daga Doron Baga har kasuwannin kudu irin su Anaca. Inji ya taƙaita tafiyar kwanaki ta koma ta sa'o'i, amma bai kawar da kirta ba, har yanzu sai an tambayi hanya.

Shaidar wannan ƙaura tana cikin sunaye. A jerin ƙauyukan da Nijeriya da Kamaru suka yi shari'a a kansu akwai Ba Shakka da Garin Wanzam da Ramin Dorina da Doron Liman da Sabon Tumbu da Fagge da Sokotoram. Dubi na ƙarshen: sunan Sakkwato ne aka liƙa masa ɗafa-ƙeyar Barbarci. Kowane suna a nan tarihi ne na wanda ya fara kafa bukka da inda ya fito.

Fari da Iyaka da Yaƙi

A 1963 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Shekara guda bayan haka, ran 22 ga Mayu 1964, ƙasashen nan huɗu suka kafa Hukumar Tafkin Cadi. Sai farin 1973 ya zo, wanda iyayenmu ba su manta da shi ba, tafkin ya rabu biyu, kudu da arewa. Farin 1984 ya fi muni, kashin arewa ya ƙafe ƙaf a wasu shekaru. A namu ɓangaren kuma madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun rage abin da Yobe yake kaiwa. Tsibirai da yawa suka zama tudu, aka shuka masara da wake inda da ake jefa raga. Daga baya ruwan ya ɗan dawo, yana cika yana raguwa kamar yadda Tilho ya lura.

Masunta sun bi ruwa duk inda ya ja, ba tare da sun ga wani layi a kansa ba, gwamnatoci kuwa suna ganinsa. A 1983 sojan Nijeriya da na Cadi suka gwabza a kan wasu tsibirai. Ran 10 ga Oktoba 2002 Kotun Duniya ta yanke cewa Darak da maƙwabtanta na Kamaru ne, a Disamba 2003 kuma Nijeriya ta miƙa ƙauyuka fiye da 30. Mutanen da suka kwanta a ƙasarsu suka tashi a matsayin baƙi.

Mafi tsanani shi ne rikicin Boko Haram. An afka wa Baga a Janairu 2015, aka kashe jama'a da yawa. A wannan shekara gwamnatocin Nijar da Cadi suka kwashe mutane daga tsibirai masu yawa, aka kuma taƙaita zirga-zirgar jirage da cinikin kifi. Ciyayin da suka ɓoye Buduma daga dawakin Barno su ne suka zama maɓoyar 'yan bindiga. A kan abubuwa huɗun nan da matuƙi yake aunawa sai na biyar ya ƙaru, watau wa ke riƙe da hanyar, kuma nawa zai karɓa.

Kammalawa

Mun ga cewa tafiya tsakanin tsibiran Cadi ilmi ce mai ƙa'idoji, ta lokaci da iska da hanya da masauki, kuma wannan ilmi ya ciyar da kasuwanni masu nisa irin ta Gumel. Mun ga kuma yawancin abin da aka rubuta a kai baƙi ne suka rubuta, waɗanda suka shiga da jagora suka fita. Masu ilmin na ainihi a ka suke riƙe da shi, da yawansu kuma yaƙi ya raba su da tsibiransu, 'ya'yansu suna tasowa a sansani ba su san mashigi ko ɗaya ba.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai masu neman abin da za su rubuta kundi a kai. A garuruwanmu akwai dattawan da suka yi cin rani a tafki, akwai jikokin dillalan kanwa a Gumel da Maigatari. A je a zauna da su, a rubuta sunayen jirage da na tarkuna da na tsibirai, da kalmomin da Hausar tafki ta aro daga Barbarci da Yedina. Malamanmu kuma su taimaka da jagora. Aiki ne da ba ya jiran a gama digiri, domin masu ba da labarin kullum raguwa suke yi.